Barcin da Ke Kwashe Mutum da Rana: Wane Gwaji Ne Ke Gano Dalilinsa?

 Yau a filin lafiya maganar barci za mu yi, irin wanda ke zuwar wa mutum da rana tsaka ba tare da ya neme shi ba. Ana cikin ciniki a kara, dillali na magana, sai a ga kan Alhaji ya langaɓe. Yaro ya kora shanu kiwo, ya jingina da itace, bai farka ba sai da suka shiga gonar mutane. Mu dai abin da muka saba faɗa shi ne barci ɓarawo, a yi dariya a wuce. Idan abin ya yawaita kuma a ce mutum rago ne, ko a ce an yi masa wani abu.

Ga wanda ke riƙe da sitiyari kam, ba abin dariya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan idonka ya rufe na daƙiƙa huɗu kacal, ka yi tafiyar kusan mita 90 babu direba a cikin motar. Yi wannan lissafin a hanyar Gaya zuwa Dosso, ko ta Garwa zuwa Ngaundere, da tirela cike da shanu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, irin wannan barcin yana da dalilai da yawa, kuma maganin wani dalilin yana iya zama guba ga wani. Da ido ba a rarrabe su. Gwaji ne ke rarrabewa, kuma rabin gwajin ba ya cin ko sisi.

Tambayar farko da likita zai yi maka ita ce: awa nawa kake barci? Babban mutum na buƙatar kamar awa bakwai ko fiye. Wanda ya kwana gadin shanu saboda ɓarayi, ko ya kwana a layin duwan yana sauraron a kira lambar motarsa, idan ya yi gyangyaɗi da rana bashi ne jiki ke karɓa, ba cuta ba. A ba shi kwana uku ko huɗu ya huta sosai, zai ware. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ya kwanta bayan isha'i, ya tashi da asuba, awoyinsa sun cika, amma ya wayi gari kamar an yi masa duka, kai na ciwo, baki a bushe, kafin azahar idonsa na rufewa.

To, kai ba ka san yadda kake barci ba. Wanda ke kwana kusa da kai shi ya sani. Saboda haka idan za ka asibiti ka tafi da shaida: maiɗakinka, ko yaron motarka, ko abokin kwananka a masauki. Abin da za a tambaye shi: yana minshari? Minsharin yana ɗaukewa ɗif, a ji shiru kamar ba ya numfashi, sannan ya fizgo iska da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe? Yana shure-shure da ƙafa? Sau nawa yake tashi fitsari? Hajiya, idan ke ce shaidar, don Allah kada kunya ta sa ki rage. Na san wasu mazan ba sa son a ce suna minshari, sai ka ce an zage su. Idan maigida ya musa, ɗauki wayarsa ki naɗi muryar na 'yan mintuna, a kai wa likita ya saurara. Yana da kyau kuma a samu takarda a rubuta, har mako biyu, lokacin kwanciya da na tashi, da goro nawa aka ci, shayi ko Nescafé kofi nawa, da kowace ƙwaya da aka haɗiya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa yaro ya rubuta masa.

Akwai wasu tambayoyi takwas da wani likita mai suna Murray Johns ya tsara a asibitin Epworth da ke Melbon ta ƙasar Ostireliya, aka wallafa a 1991, kuma har yau da su ake aiki. Ana tambayarka yadda barci ke saurin ɗaukarka a yanayi takwas, kamar kana zaune shiru bayan cin abincin rana, ko kana fasinja a mota na awa ɗaya, ko kana zaune kuna hira da wani, ko mota ta tsaya a cunkoso na 'yan mintuna. Kowanne ka ba shi maki daga sifiri zuwa uku. Jimla 24 ke nan. Wanda ya haura 10, barcinsa na rana ya wuce ƙima. Faɗi gaskiya a wannan wurin, musamman kai direba. Na fahimci tsoron kada mai mota ya ji ya karɓe makulli, amma likita ba ɗan saƙon mai mota ba ne.

Daga nan sai awo: hawan jini, nauyi, da kaurin wuya da tef irin na tela. Wuyan da ya haura santimita 40, ga ƙiba, ga shekaru sun wuce 50, ga hawan jini, ga minshari, duk suna nuni ga abu guda, wato toshewar numfashi cikin barci. Likita zai leƙa maƙogwaro da hanci. Sau da yawa zai sa a auna jini ma, domin ƙarancin jini, da ciwon suga, da rashin aikin wani ƙullutu da ke gaban wuya, duk suna kawo kasala mai kama da barci. Wanda ƙafafunsa ke damunsa da dare, yana jin kamar tururuwa na bi a ciki sai ya motsa su, ana duba yawan sinadarin ƙarfe a jininsa. Waɗannan duk ana iya yinsu a asibitin gunduma.

Me ke faruwa ne a wannan toshewar? Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yana saki. Ga wasu sai hanyar iska ta rufe gaba ɗaya. Ƙirji na ta ƙoƙarin jawo iska, ba ta shiga. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai ma tuna ba, hanya ta buɗe, ya koma, abin ya sake. Haka har gari ya waye. Ya kwana a shimfiɗa amma bai yi barci ba.

Gwajin da ke tabbatar da wannan shi ne na kwana ɗaya a asibiti. Sunansa polisomnografi, kuma da sa'a kusan haka ake kiransa a asibitin masu Faransanci da na masu Ingilishi, ka ga ko ta wane ɓangaren iyaka ka je za a gane. Za ka zo da yamma. A manna maka ƙananan wayoyi a fatar kai, su ke nuna ko ƙwaƙwalwa ta yi barci da kuma zurfinsa. A sa wasu a gefen idanu, wasu a haɓa, wasu a ƙwauri, wasu a ƙirji saboda bugun zuciya. A sa siririn bututu a bakin hanci mai jin shigar iska da fitarta, a ɗaura ɗamara biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, sannan a maƙala wani abu a yatsa mai auna oksijin. Wani zai ga wayoyi a ka ya tsorata. Babu allura, babu yanka, kuma ba wuta ake sa maka ba. Wayoyin ɗauka kawai suke yi, ba sa tura komai cikin jiki. Kana iya juyi, idan fitsari ya kama ka a cire maka ka je ka dawo. Kusan kowa yakan ce ai ni ba zan iya barci da wannan kaya ba, kuma yawanci ana samun barcin da ya isa a karanta.

Da safe ake lissafi. Duk lokacin da numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye, an ƙirga ɗaya. Sai a raba da awoyin barci. Ƙasa da 5 a awa, lafiya lau. Daga 5 zuwa 15, kaɗan ne. Daga 15 zuwa 30, matsakaici. Sama da 30, ya yi tsanani. Ka duba fa: 30 a awa na nufin kowane minti biyu numfashinka na yankewa, dare guda cur. Ina mai wannan zai iya tuƙi daga Kotonu zuwa Malanbil?

Gaskiyar magana, wannan na'ura ba ko'ina take ba. Sai manyan birane, a wasu asibitocin koyarwa da na kuɗi, kuma da tsada. Kada ka biya kuɗin mota sai ka sa an tambayo maka ko akwai, kuma tana aiki. Akwai ƙaramarta da ake ba mutum ya tafi da ita gida, mai bututun hanci da ɗamara da abin yatsa kawai. Ta fi araha, kuma ga mai alamu bayyanannu tana wadatarwa. Rauninta shi ne ba ta san ko ka yi barci ko idonka biyu ba, don haka takan rage lissafi. Idan ta ce ba komai alhali alamun na nan, ba a tsaya nan ba. Abin yatsan nan kuwa da ake sayarwa a kemis, dubawa ɗaya da rana ba ta gaya maka komai game da darenka.

Idan an gano toshewar akwai abin yi. Rage ƙiba na taimakawa ƙwarai, haka kwanciya a gefe maimakon rigingine. Ga mai tsanani akwai na'urar da ake kira CPAP, wadda wani likitan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Tana hura iska a hankali ta abin rufe hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Tana son lantarki ko batir, wannan kuma mun san matsala ce ga mai yawo. Amma barin abin haka nan yana ƙara hawan jini, da haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi damuna shi ne abin da mutane ke yi kafin su ga likita. Da rana a sha tramol don ido ya buɗe, da dare a sha ƙwayar barci irin su Valium don a huta. Dukansu biyun suna ƙara danne numfashin mai wannan matsala. Wato mutum ya sayi abin da zai ƙara shaƙe shi da kuɗinsa.

Akwai wani nau'in da ba shi da yawa, yakan fara tun ƙuruciya. Barci ya afka wa mutum farat ɗaya, wani ma idan ya yi dariya sosai gwiwoyinsa su saki ya zube alhali yana jin duk abin da ake faɗa. A gida akan ce farfaɗiya ce ko iska. Gwajinsa ana yinsa washegarin kwanan asibiti: a ba shi damar kwanciya sau huɗu ko biyar, tsakanin kowace awa biyu, a auna minti nawa barci ke ɗaukarsa. Idan matsakaicin bai wuce minti 8 ba, kuma sau biyu ko fiye ya faɗa barcin mafarki nan take, likita ya samu hujja.

Yanzu bari in juyo gare ku, Ardo da jama'arka, da ku fataken da ke gangarawa kudu. Duk abin da na faɗa a baya matsalar barcin ce ita kanta. Akwai kuma barcin da ƙwayar cuta ke kawowa, wanda wayoyi a ka ba za su gano shi ba, sai jini. Shi ne ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa.

Kun fi ni sanin ƙudan nan, tunda shi ke sa wa shanu sammore. Ƙwayoyin 'yan gida ɗaya ne, amma waɗanda suka fi kama shanu ba su ne ke kama mutum ba. Don haka saniyarka ta yi sammore ba ya nufin kai ma ka kamu. Sannan Berenil da Samorin na dabba ne. Kada wanda ya kuskura ya yi wa mutum allurarsu.

A nan arewa inda ƙasa ta bushe ƙudan ba ya zama. Yana son inuwa da danshi: bakin rafi mai duhuwa, kurmi, mashaya. Wato daidai wuraren da kuke sauka da rani. Wuraren da aka san ciwon sun haɗa da Mandul da Maro da Moyisala a kudancin Cadi, Batangafo da Nola a Afirka ta Tsakiya, Kampo da Fontem a kudancin Kamaru, sannan Kwango ta Kinshasa wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu shi. An ci ƙarfinsa sosai. A 1998 an ba da rahoton kusan mutum 40,000, a 2009 aka sauko ƙasa da 10,000, a 2018 kuma ƙasa da 1,000. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa a Cadi ya daina zama babbar barazana ga jama'a. Wannan abin farin ciki ne, amma yana da wani gefe. Ciwon da ya yi ƙaranci, ma'aikacin lafiya yakan manta da shi. Malamin asibiti a Maraɗi ko Katsina yana iya gama aikinsa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Idan ba ka gaya masa inda ka yi rani ba, ba zai kawo shi a ransa ba.

Ga yadda yake tafiya. Da farko zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayi, da kaluluwa a bayan wuya. Wa zai ga wannan bai ce zazzaɓin cizon sauro ba ne? Sai a yi ta shan magani, ya lafa, ya dawo. Irin da ke yankinmu na yamma da tsakiyar Afirka yana iya ɗaukar watanni, har shekaru, yana cin mutum a hankali. Sai ƙwayar ta haura ƙwaƙwalwa. A nan ne barci ke rikicewa, ya yi ta yi da rana, da dare ido biyu. Hali ya canza, mai haƙuri ya koma mai faɗa, ko mai surutu ya yi shiru, magana ta fara sarƙewa, tafiya ta zama tangaɗi. A wannan matakin ne iyali ke cewa ya taɓu, a nufi wajen masu magani, watanni su wuce. Idan ba a yi maganin asibiti ba, kusan kullum ƙarshensa mutuwa ce.

Gwajinsa hawa-hawa ne. Na farko, a laluba wuya a ji ko akwai kaluluwa. Wannan tsohuwar dabara ce. Da ita likitan Faransa Eugène Jamot da ayarinsa suka bi ƙauyukan Kamaru ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1920. Na biyu, a soki yatsa a ɗiga jini, ko a kan kati a gauraya da wani ruwa a ga ko zai dunƙule, ko a kan ɗan abin gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin kamar minti 15. A kula da kyau a nan: idan wannan ya nuna alama, ba a gama ba. Abin da ya gani shi ne jikinka ya taɓa yin faɗa da abu mai kama da ƙwayar, kuma yakan yi kuskure. Na uku shi ne mai yanke hukunci: a zuƙo ruwan kaluluwar da siririyar allura, ko a ɗebi jini a tace, a sa a madubin likita a ga ƙwayar da ido tana motsi.

Sai wanda kowa ke gudu, ɗibar ruwan ƙashin baya. Ana yinsa don a san ko cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Za ka zauna ko ka kwanta ka lanƙwasa, a sa allura a ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, a ɗebi ruwa kaɗan a ƙirga fararen ƙwayoyin da ke ciki. Jiki na mayar da ruwan cikin 'yan awoyi. Yana iya barin ciwon kai na kwana biyu ko uku. Maganar da ake yaɗawa cewa yana hana haihuwa ko yana kashe ƙarfin namiji ba ta da tushe. Kuma yanzu ba kowa ake yi wa ba. A da dole ne, saboda maganin mataki na biyu, melasofurol, yana da guba har yakan kashe kamar mutum ɗaya cikin ashirin, ka ga ba a ba da shi da ka. Tun 2019 akwai ƙwayar haɗiya mai suna feksinidazol, ta kwana goma, ana sha bayan an ci abinci a gaban ma'aikacin lafiya, tana aiki a matakin farko da na biyun da bai yi nisa ba. Wanda ya zo da wuri, shekarunsa sun kai shida, nauyinsa ya kai kilo 20, sau da yawa ba sai an taɓa bayansa ba. Wanda ya bari ya yi nisa shi ne zai sha allurar baya da ƙarin ruwa a gadon asibiti. Maganin ciwon barci kuma kyauta ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba wa ƙasashe. Ba a kasuwa yake ba. Wanda ya ce zai sayar maka a tebur, ka wuce.

Af, kafin in manta. Idan kun sauka bakin rafi a kudancin Cadi kuka ga 'yan ƙyallaye shuɗi da baƙi an kakkafa, tarkon ƙudan tsando ne, an shafa musu maganin kashe shi. Shuɗi na jan ƙudan. Ku hana yara cirewa, shanunku ma na amfana. Kuma ku rage sa shuɗi ko baƙin kaya a irin wuraren.

Saura maganar takardu, wadda ta shafi kowa, mai minshari da mai kaluluwa. Ku mutanen iyaka kuna gwaji a wata ƙasa ku nemi magani a wata. An auna ka a Kusiri, ciwo ya tashi kana Gamboru. An duba ka a Konni, ka ƙarasa Sakkwato. Duk takardar sakamako da aka ba ka, ko da Faransanci take ko da Ingilishi, sa ta a leda tare da katin shaidarka da takardar rigakafin shanu, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Lambobin da ke ciki kowane likita zai karanta. Idan gwajin yatsa ya nuna alama amma ba a ga ƙwayar a madubi ba, za a ce ka dawo a sake dubawa bayan wasu watanni. Tambayi ranar, a rubuta maka, ka kuma tambayi wane asibiti ne ke yin gwajin a kan hanyar da garkenka zai bi. Idan kuma ka isa gaban likita, kafin ya tambaya ka fara da inda ka yi rani cikin shekara biyu ko uku da suka wuce: sunan garin, sunan rafin, da watannin da ka yi a can.